Tsakanin gyaran PATH da venv, ɗan'uwa kama venv

Malam, kan wannan zance na pip (mai girka wa Python ƙarin manhajoji) ya ce ya girka manhaja amma Python na cewa bai gan ta ba, ka bar PATH ɗin kwamfutarka yadda yake, ka yi venv, wato keɓantacciyar folda mai nata Python da pip don aiki ɗaya. Da shi nake aiki, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Kusan tabbas Python biyu ne a kwamfutar, ko ma uku. PATH jerin folda ne kawai. In ka rubuta python, Windows sai ta bi jerin daga sama zuwa ƙasa, wanda ta fara cin karo da shi, shi za ta tayar. Jerin System ne a gaba, na User ya biyo baya, shi ya sa ko ka ƙara sabon Python a ɓangarenka, tsohon da ke sama shi zai ci gaba da amsawa. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta `where python` sannan `where pip`, ka dubi layin farko na kowanne. In foldojin sun bambanta, ka kama ɓarawon: pip na zuba kaya a wani ɗaki, python na nema a wani.

Ni ranar da venv ya shiga raina, ayyuka biyu ne a hannuna. Wani tsoho da aka gina kan Python 3.8, wani sabo da ke son 3.11. Kwana biyu ina gyara ɗaya ɗayan na lalacewa. Sai wani abokin aiki ya ja kujera kusa da ni, ya shiga foldar sabon aikin, ya rubuta `py -3.11 -m venv .venv`, ya bi shi da `.venv\Scripts\activate`. Sunan venv ɗin ya fito a farkon layi, ya ce in sake gwadawa. Aiki ya tashi. Na buɗe wata taga na yi wa tsohon aikin nasa da 3.8, ga su nan gefe da gefe kowa na harkarsa. Wallahi daren nan na yi barci mai daɗi. Abin da activate ke yi shi ne ya sa foldar `.venv\Scripts` ta aikinka a kan gaba a PATH na wannan tagar kaɗai. Ka rufe tagar, komai ya koma yadda yake. Kuma ba sai ka sauke komai ba, tun Python 3.3 na shekarar 2012 yake zuwa a ciki.

Gyaran PATH kuwa yana aiki, ban ce ba ya yi ba, in Python ɗaya tak kake so har abada. Amma ni ya taɓa ƙona ni. Na kwafi umarnin setx, wanda ake canja PATH da shi, daga wani bidiyo, ban san yana datse rubutu a kan haruffa 1024 ba. Ya haɗa jerin System da nawa ya zuba a nawa, ya yanke wutsiyar, umarnin da nake amfani da su kullum suka daina amsawa. In dole sai ka taɓa shi, ka bi ta tagar saituna, ka kwafe tsohon jerin ka ajiye tukuna, kuma ka buɗe sabuwar taga bayan gyara, don tsohuwar ba ta ganin canjin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar manhajar da wai tana share kwamfuta ta gyara duk kuskure da dannawa ɗaya, da masu loda maka tarin manhajojin sata su karɓi kuɗi. Python kyauta ne a python.org, duk wanda ya sayar maka da shi ya cuce ka. Kuma ba ka san me suka canja maka a saituna ba.

In ka yi venv matsalar ba ta tafi ba, rubuta `echo %PYTHONPATH%` a cmd. PYTHONPATH wani jerin folda ne da Python ke neman manhajoji a ciki, shi kam yana bin ka har cikin venv. In ya maido maka rubutun yadda ka shigar, babu komai a ciki. In kuwa ya nuna wata folda da ba ka san da ita ba, goge PYTHONPATH ɗin a tagar saituna, ka buɗe sabuwar taga, daga nan ka riƙa girka komai da `python -m pip install`.