Fofa ko fensir: wanne za ka fara koyon jifa da shi?

Salam 'yan uwa. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya cewa ya samu sandar fatsa mai injin naɗe zare kuma yana so ya fara amfani da koton roba irin wanda ke yawo a saman ruwa, amma kuɗinsa na guda ɗaya ne, shin fofa zai saya ko fensir, to ga abin da na sani, don na yi wasa da su duka biyun.

Fofa shi ne gajeren nan mai baki a loɓe kamar cokali, in ka fizge shi sai bakin ya kamfaci ruwa ya yi "bulum" ya watsa kumfa. Fensir kuma dogo ne siriri, ba shi da baki ba shi da leɓe, in ka ja shi haka kawai sanda ce kake ja a ruwa, duk rawar da zai yi daga wuyan hannunka take fitowa. Mafi shahara a cikinsu Zara Spook ne na kamfanin Heddon a Amurka, tun 1939 ake yinsa da roba, tsawonsa inci 4 da rabi, nauyi wajen giram 21. A ɓangaren fofa kuma akwai Pop-R na kamfanin Rebel, wanda aka fi sani giram 7 ne kacal. Waɗanda suka cika kasuwa yanzu yawanci kwaikwayon waɗannan ne 'yan Chana kuma suna aiki, sai dai ka canza musu ƙugiya don tasu miƙewa take yi.

Maganar jifa dai fensir ya fi, babu gardama. Nauyinsa a gindi yake, yana tafiya kamar kibiya, ko iskar hunturu na dukan fuskarka zai kai inda kake so. Fofa kuwa bakin nan nasa iska yake kamawa, sai ka ga ya yi ta juyi a sama ya faɗo kusa, wani lokacin ƙugiyar ta harɗe zaren. Maganin wannan, dab da zai sauka ka ɗora yatsa a bakin injin ka tsayar da zaren, sai ya miƙe ya sauka a hankali da gindi a gaba. Kuma dan Allah kar ka fara koyon jifa a bakin ruwa, ka cire ƙugiyoyin ka je fili ka ajiye bokiti a taku 20 ka yi ta aunawa, ka bar zare kamar kamu biyu yana reto daga kan sandar, wuyan hannu ne ke jifa ba kafaɗa ba. In koton ya tashi sama kamar roka, alama ce ka ɗauke yatsa daga kan zaren da wuri, in ya doki ƙasa a gabanka ka makara.

Amma da ya sauka a ruwa labari ya juye. Fofa yaro ma zai iya a rana ɗaya: ka jefa, ka bari zoben ruwan nan su watse tukuna, ka sunkuyar da kan sanda ka fizga sau ɗaya, ka dakata ka ƙirga uku ko biyar, ka sake. Shi kenan. Fensir sai ka sha wahala, domin sirrinsa zaren ya zama da ɗan sako-sako. Ka ɗan buga kan sandar ƙasa, nan take ka maido shi gaba ka ba zaren sarari, sai koton ya zame dama, ka sake bugawa ya zame hagu, ɗayan hannun kuma yana naɗe rabin zagaye a kowane bugu. In zaren ya ɗaure tamau to ba zai karkata ba, miƙe zai taho maka. Ni sai da na yi kusan sati hannu biyun nan ba su jitu ba, ranar da suka jitu kuwa na ga abin yana tafiyar maciji a kan ruwa, wallahi daɗin da na ji ko kifin bai kai ba. Ka ɗaure shi da ƙulli mai barin ɗan zobe a hancinsa, kar ka shaƙe shi, ya fi samun walwala.

Zare ma ka kula, na nailan da na saƙa suna yawo a sama, amma fulorokabon nutsewa yake, zai ja hancin koton ƙasa ya kashe maka rawar duka biyun.

Sai kuma wurin da kake su. In gefen ciyawa ne, burgu ko bado ko wani kututture da ya faɗa ruwa, inda ka san kifi na laɓe, fofa ne sarki saboda yana iya zama a wuri ɗaya yana kiran kifin, ka yi minti guda a taku biyu. Tufi ma a irin wurin nan yake kwanto. In ruwan ya ɗan yi duhu ko iska ta kaɗa shi, ƙarar fofa ta fi kaiwa nesa. Fensir kuma na buɗaɗɗen ruwa ne mai haske kuma a kwance, irin faɗin Kainji ko Tiga da sassafe, lokacin da za ka hango kawara suna tsalle a firgice alamar wani abu na korarsu daga ƙasa, nan kana buƙatar jifa mai nisa da saurin lalube wuri.

Wanda ke korarsu ɗin galibi tsage ne, kuma shi ne ya sa nake karkata ga fofa a ruwanmu. Tsage kifi ne mai kallon sama, a wani dam a Afirka ta Kudu har an ɗauki bidiyonsa yana tsalle yana cafke tsuntsu a cikin tashi, an wallafa binciken a 2014. Haƙoransa aska ne, dole ka sa guntuwar waya tsakanin zare da koto in ba haka ba kuɗinka sun tafi a cizo ɗaya. To wayar nan nauyi gare ta, fofa bai damu da ita sosai ba amma fensir, musamman ƙarami, tana danne masa hanci ya ƙi juyawa. In dai sai fensir ɗin, ka sa siririyar waya gajeriya kuma ka ɗauki babba. Giwan ruwa kuwa kar ka sa rai da yawa, shi a zurfi yake zama gindin duwatsu, koto mai nutsewa ya fi dacewa da shi. Ƙarfasa da tarwaɗa ka bar su da tanarka.

Abin da ya fi cin sabon shiga a duka biyun shi ne lokacin da kifi ya kawo hari. Ruwa zai fashe a gabanka, gabanka ya faɗi, hannu ya fizge sanda da kansa, sai koton ya taso da ƙugiyoyi shida ya nufo fuskarka, kifi kuma ko taɓa shi bai yi ba. Kar ka yarda da idonka, ka jira sai ka ji nauyi a hannu sannan ka ja sandar gefe da ƙarfi, don bakin tsage ƙashi ne. In ya kuskure, da fofa ka bar shi a wurin ka ɗan girgiza shi, sau da yawa yana dawowa, da fensir kuma ka ci gaba da kiɗanka kar ka tsaya. Ka sa tabarau ko da na rana ne saboda idonka, ka riƙe filaya ta cire ƙugiya, yatsa baya shiga bakin tsage.

Ni dai da kuɗin guda ɗaya fofa zan saya, mai giram 10 zuwa 15, fari ko ruwan azurfa a ciki tunda kifi cikin koton yake gani ba bayansa ba. Ka fita bayan sallar asuba ko dab da magariba, in rana ta yi zafi kifayen sukan sauka ƙasa. Kuma kafin ka tsaya a gaɓar da ba ka sani ba ka tambayi masuntan wurin ko akwai kada ko dorina, su ne suka san ruwansu.