Shekara guda da injin askin ciyawa mai ganga

A farkon daminar bara aka sayo mana shi, na hannu, don gyaran girin, wato ɗan filin nan mai laushi da ke kewaye da rami a filin golf ɗin da nake aiki a Kaduna. Kafin zuwansa da injin nan mai wuƙa ɗaya a ƙasa muke fama, wanda fizgar ciyawa yake yi, bayan kwana biyu sai ka ga bakinta ya yi fari. Shi wannan ganga ce mai wuƙaƙe a jikinta, tana juyawa tana haɗuwa da wata wuƙa a kwance, yankan almakashi sak.

Ciyawarmu kiri-kiri ce, wadda ake kira Bermuda. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, ba ta barin mutum ya huta, kusan kullum sai an aske. Na saita tsayin askin injin a milimita 4, ina fitowa bayan asuba raɓa ba ta gama ɗagawa ba. Cikin mako uku 'yan wasa suka fara tambayar me muka canza, don ƙwallo ta daina tsalle, tana tafiya a miƙe. Ranar da wani dattijo da ya shekara talatin yana wasa a nan ya tsaya ya shafa ciyawar da tafin hannunsa, wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Injin da ke jansa Honda ne, irin wanda ake gani a injin ban ruwa, saboda haka fulogi da filta ba sa wuyar samu a kasuwa, kuma kowane bakanike ya san kansa.

Wahalar tana wajen wuƙa. Idan muka barbaɗa yashi a kan girin don daidaita ƙasa, aski biyu ya isa ya dakushe ta. Sai an shafa man wasi an juya gangar da baya, sannan a gwada da takarda: in ta yanke tsaf daga wannan gefe zuwa wancan, an dace. Na ɓata kusan wata guda kafin hannuna ya faɗa, har na ƙwaƙule wani gefen girin ya koma ƙasa tsurarta. Wuƙar kwance kuwa da ta cinye, sai daga Legas aka aiko mana.

Da hunturu ya shigo ciyawa ta kwanta, na ɗaga shi zuwa milimita 6, aski ya koma sau biyu a mako. Amma ƙura tana toshe filta, kullum sai na kakkaɓe ta kafin in tayar.

Wanda zai saya ya fara tabbatar yana da ruwan ban ciyawa a rani da mai haƙurin koyon saitin wuƙa. Ni dai na riga na roƙi oga a ƙaro na biyu kafin ruwan bana ya sauka.