Ƙurar hunturu a Blender: abin da na gani bayan wata uku

Ɗan gajeren zane mai motsi nake haɗawa, daƙiƙa 10 kacal: babur ya wuce a kan hanyar birji da safiyar hunturu, ƙura ta tashi a bayansa. Babur ɗin kwana biyu ya ɗauke ni. Ƙurar kuwa ita ta gasa mini aya a hannu.

Da Blender na yi aikin, manhajar nan ta kyauta ta haɗa zanen 3D mai motsi da aka sakar wa kowa tun 2002. Tsarin ƙwayoyinta, wato mai feso ƙananan abubuwa masu yawa a cikin zane, ba shi da wuyar shiga. Ka nuna abin da zai riƙa feso su, ta ba ka guda 1000, kowace ta yi firem 50 ta ɓace (firem shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo). Na sa musu iska, suka kama yawo, raina ya yi fari. Da hoton ya fito sai na ga kamar an watsa gero a tsakar gida, har ana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Na ninka yawansu sau ɗari, kwamfutar ta fara nishi, gero dai yana nan gero.

Laifina ne, ban tsaya na kalli ƙura da kyau ba. Wanda ya taɓa fita da sassafe a watan Janairu ya san ba ƙwayoyi ido ke gani ba, hazo ne da haske ke ratsawa, har rana ta koma fara kamar faranti. Sai na koma ga Mantaflow, tsarin kwaikwayon hayaƙi da ruwa wanda ya shigo Blender a 2020, na mayar da ƙwayoyin tushen hayaƙi, na ba hayaƙin launin jar ƙasa. 'Yan kaɗan na bari su zama tsakuwar da taya ke fatali da ita, na kunna dishi-dishin motsi don kada su tsaya cak. Ranar da na ga haske ya keto ta cikin wannan ƙurar, wallahi sai da na kira ƙanena ya zo ya gani.

Fitar da hoton ne ke cin rai. Firem 240 ne, kuma a Cycles, ɗaya daga cikin injunan fitar da hoto na Blender, kowane yana cinye wa tsohuwar kwamfutata kusan minti 6, kwana guda cur ke nan. EEVEE, wani injin nata, ya fi sauri nesa ba kusa ba, da shi nake gwaji, amma hasken Cycles ya fi kwanta mini. Da na cika wa mai share ɗigo-ɗigon da ke fitowa a hoto ƙarfi sai ƙurar ta koma kamar auduga, dole na sassauta shi.

Wuta ta ɗauke ina wajen firem na 170. Allah ya taimake ni hotunan PNG nake ajiyewa ɗaya bayan ɗaya maimakon bidiyo guda, don haka daga inda ta tsaya na ɗora.

Zan ci gaba da amfani da Blender ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Yanzu Geometry Nodes nake koyo, wato tsarinta na gina siffofi ta hanyar jona akwatunan umarni, saboda zane na gaba ruwan farkon damina ne a kan rufin kwano.