Gadon Tichborne: shaidar uwa ko binciken Whicher?

Roger Tichborne, magajin wani babban gida a Ingila, ya ɓace a teku a 1854. A 1867 uwarsa ta ga wani mutum daga Ostareliya mai cewa shi ne Roger, ta ce ɗanta ne. Wa zai musa wa uwa? Sai dai Roger da Faransanci ya tashi, wannan kuwa ba ya jin sa.

Jonathan Whicher, ɗan sanda mai bincike da ya bar Scotland Yard (hedikwatar 'yan sandan Landan) a 1864, shi sauran dangin Roger suka sa bincike. Ya bi sawun mutumin har unguwar Wapping ta Landan, ya gano Arthur Orton ne, ɗan mahauci. Na fi gamsuwa da binciken Whicher, don kewar ɗa kan rufe wa uwa ido. A 1874 aka ɗaure mutumin shekara 14 kan rantsuwar ƙarya.