Magagaran nat na jitar bes: faɗi ake nema, ba zurfi ba

Saitin da nake magana a kansa magagarai biyar ne, kowanne da lambarsa a jiki: .046, .065, .085, .105 da .130. Lambobin na kaurin tsirkiya ne a ma'aunin inci, wato kowane magagari an yi shi ne don ya buɗe gurbin tsirkiya mai wannan kauri a jikin nat, ɗan guntun roba ko ƙashin nan da ke tsakanin wuyan jita da kanta, wanda tsirkiyoyi ke hawa kafin su isa kunnuwan ɗaurewa. Kamfanoni irin su StewMac da Hosco da MusicNomad suna yin irin waɗannan. Nawa ba na ɗayansu ba ne, ko suna babu a jikinsu sai lambobi, saboda haka yabona da sukata duka kada a ɗora wa kowa cikinsu.

Abin da ya sa na saye su shi ne mawaƙin da nake yi wa kiɗa, wanda yawancin waƙoƙinsa a muryoyin kiɗa na D da C suke. Bes, wato jita mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu kuwa E ce ƙarshenta a ƙasa, don haka kullum sai in haura sama in ɗauko D, kiɗan ya rasa gindi daidai inda ake son ya yi nauyi. Ban so sayen mai tsirkiya biyar ba, hannuna ya riga ya saba da siririn wuya irin na bes ƙirar Jazz ta kamfanin Fender, mai faɗin milimita 38 a wajen nat. Sai na zaɓi abin da masu bes da yawa ke yi: a sayi tsirkiyoyin mai biyar, a ajiye siririyar G, a ɗora sauran huɗun. Jitar ta tashi daga E A D G ta koma B E A D. A lissafi, tsirkiyar ƙasa ta sauko daga wajen girgiza 41 a daƙiƙa zuwa wajen 31.

Matsalar a nan take. Gurbin da aka yanka wa .105 yanzu zai karɓi .130, na .085 zai karɓi .105, haka har zuwa na ƙarshe, inda .065 za ta zauna a gurbin .045. Ƙarin bai taka kara ya karya ba a ido, kusan rabin milimita ne a gurabe uku, na B kuma ya ɗan fi haka. Amma ɗora sabuwar B ɗin ka gani. Ba ta shiga ba, zama ta yi a bakin gurbin kamar ƙafar babba a takalmin yaro, kana hango haske a ƙarƙashinta. In ka danna firet na farko, wato na farko cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, sai ka yi da gaske, muryar kuma ta haura ta wuce inda ya kamata, domin nisan da kake tura tsirkiyar ya ƙara mata ɗauri. Wanda ya ce zai matsa ta da ƙarfi ta shige, to ya sani bangon waje na gurbin B siriri ne, kuma nat ɗin roba a nan yake fara tsagewa.

Abu na farko da ya burge ni da magagaran shi ne bakinsu. A zagaye yake, ba mai kaifin tsini irin na ƙaramin magagarin maƙera ba. Wannan ba ado ba ne. Gurbi mai siffar V yana cije tsirkiya ta gefe biyu, kana murɗa kunne muryar ba ta motsa, sai can ka ji ƙis, ta yi tsalle ta wuce inda kake so. Gurbi mai zagayayyen gindi kuwa tsirkiya kwanciya take yi a ciki ta zame yadda take so. Haƙoran kuma a bakin kawai suke, jikin sumul, don haka ba sa cin abin da ba ka nufa ba.

Sai dai suna da ci. A kan roba, goga uku ko huɗu ta isa ta canza labari, kuma saitin bai zo da ko 'yar takardar bayani ba. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka aikin na sassaƙa ne, ya sa ƙarfi. Ga inda nake son mai karatu ya tsaya: in dai tsayin tsirkiyoyinka a firet na farko daidai yake kafin ka canza su, to gindin gurbin yana inda ya kamata. Tsirkiya da cikinta take zama a gindin gurbi, kuma cikin .130 da na .105 a wuri ɗaya za su kwanta. Bango za ka ci, gindi kuwa ko taɓa shi ba ka so. In ma da wani bambanci, kaurarar B tana lilo da faɗi fiye da E, ta fi son a bar mata ɗan tsayi.

Dabarar da ta fisshe ni ta fensir ce. Na fere shi sosai, na baƙanta gindin kowane gurbi. Da yake magagarin ya fi gurbin faɗi, da farko a kan bango yake hawa, yana ci yana sauka a hankali, farin gari na zubowa ta gefe, baƙin fensirin yana nan a ƙasa bai san abin da ake ciki ba. Bayan kowace goga biyu sai in hure garin in haska fitila. Da zarar baƙin ya fara dusashewa daga tsakiya, an iso, sai a ajiye magagari. Wasu kan jera siraran ƙarafan auna tazara a jikin nat ɗin ta ɓangaren firet, in magagari ya taɓa ƙarfe sun san sun kai. Ita ma hanya ce mai kyau, ta ma fi tabbas, amma fensir kowa yana da shi. Kafin duk wannan na liƙa tef ɗin takarda a kan katakon ta gaba da bayan nat, domin magagari yakan kuɓuce, kuma fenti ba ya yafiya.

Akwai maganar karkata. Ba a riƙe magagari a kwance ɗaya da wuyan jita. Ana sunkuyar da shi kaɗan ta wajen kai, yadda wuri mafi tsayi a cikin gurbin zai kasance daidai bakin da ke kallon firet. Daga nan ne ake fara ƙirga tsawon tsirkiya, inci 34 a yawancin bes tun daga ƙirar Precision ɗin da Leo Fender ya fitar a 1951, kuma duk matsayin firet a kan wannan ƙirgen aka yanka shi. In tudun ya koma tsakiyar gurbi ko bayansa, tsirkiyar ta ƙara tsawo ke nan ba da saninka ba, za ta riƙa zizz a sake, wato in an kaɗa ta ba a danna ba, kuma duk yadda ka saita birij, ƙarfen da ke riƙe ɗaya ƙarshen tsirkiyoyin a jikin jita, muryoyin farkon wuya ba za su zauna ba. Tsawon waɗannan magagaran ya taimaka a nan, kana ganin karkatarsu da ido. Rashin mariƙi ne ya dame ni. Ƙarfe ne tsirara, gefensa na cin yatsa, sai da na naɗe ƙarshen kowanne da tef kafin na samu riƙo mai daɗi.

Babban aibinsu a wurina shi ne na .130 ɗin. Faɗinsa daidai da tsirkiyar yake, ba rara ko kaɗan. Gurbi kuwa ana so ya ɗara tsirkiya da ɗan abin da bai wuce kaurin takarda ba, yadda za ka ɗaga ta ta fito ba tare da ta maƙale ba, ka sake ta ta koma da kanta. Da na gama na ɗora B, ta shiga har gindi, amma in na ɗaga ta sai in ji ta riƙe. Maganin shi ne a riƙa jujjuya magagarin dama da hagu yayin goga don ya ƙara cin bango, kuma a gurbin B na fi karkata shi ta ciki saboda siririn bangon wajen nan. Ya yi, amma aiki ne na ji da hannu, ba na lamba ba. Wanda kuma ya sayi B mai .135, wadda ita ma ana yawan samu, jujjuyawar da zai yi ta fi tawa. Da ni ne mai ƙera saitin, .135 zan sa a maimakon .130, domin gurbi mai ɗan yalwa da zagayayyen gindi ba ya cutar da kowa, matsattse ne ke hana barci.

Ƙananan abubuwa: lambobin da tawada aka buga su, gumin hannu ya fara goge biyu daga ciki, kuma .085 da .105 ba a saurin bambance su da ido. Haƙoran suna cikewa da garin roba, tsohon buroshin haƙori yana fitar da shi. Cikin gurbin kuma ba ya fitowa sumul, akwai 'yan layuka, sai na bi da lallausar samfefa a naɗe jikin guntun tsohuwar tsirkiya, sannan na sake shafa fensir, wannan karon don santsi.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. A ɗaure tsirkiya zuwa muryarta, a danna ta tsakanin firet na biyu da na uku, a duba saman firet na farko. Ana son ɗan haske siriri, wanda in ka ƙwanƙwasa tsirkiyar da yatsa za ka ji ƙaramin tik. In babu haske sam, an zarce. In tazarar ta yi yawa, to yanzu ne, kuma yanzu kaɗai, ake taɓa gindi, goga ɗaya a gwada. Wanda ya zarce yana iya cike gurbin da garin ƙashi ko bekin soda ya ɗiga sufa gulu, ya bushe ya sake yanka. Yana aiki, amma ni faci nake ɗaukarsa, sabon nat ya fi. Nawa gurabe huɗun sun wuce gwajin, B na bar ta da ɗan tsayi fiye da sauran da gangan.

Shin dole ne a sayi magagarai don wannan? Ga wanda zai ƙara kauri kaɗan, a ce daga .100 zuwa .105, sau da yawa ma tsirkiyar shiga take yi ba tare da an taɓa komai ba, in kuma ta ɗan cije, samfefa a jikin tsohuwar tsirkiya ko a jikin bakin injin huda mai kaurin da ya dace ta wadatar. Aikin zai ɗauki lokaci, amma jinkirin samfefa kariya ce ga sabon hannu. Wanda kuma jita ɗaya ce gare shi, mai tsada, mai nat ɗin ƙashi ko tagulla, ya kai wa mai gyara, ya ce a duba masa wuya da birij gaba ɗaya. Saitin ya fi dacewa da wanda zai faɗaɗa gurabe huɗu a zama ɗaya irina, ko mai jita fiye da ɗaya, ko wanda abokan kiɗa suka mayar mai gyaran dole. A sani kuma hanya ce mai wuyar komowa. In wata rana ka yi marmarin E A D G, siririyar G za ta zauna a gurbin da ya fi ta faɗi. Sau da yawa tana haƙuri saboda zagayen gindin yana tsayar da ita a tsakiya, wani lokaci kuma ta yi ta zizz. Mai son barin ƙofa a buɗe ya cire nat ɗinsa na asali ya adana, ya yi aikin a kan wani.

Nat ɗin ma ba shi ne ƙarshen hidima ba. Kafin ka goga komai, zura B ɗin ta hujin birij ka tabbatar tana wucewa, domin a wasu jitocin hujin ba ya ɗaukar .130, kuma wannan ba aikin waɗannan magagaran ba ne. Duba kuma cewa siririn ƙarshen tsirkiyar ne zai naɗe a kunne, ba kaurin jikinta ba. Abin da mutane ba sa zato shi ne na wuya. Ana ɗauka kaurara tsirkiya dole ta ƙara jan wuya. Haka ne in ka bar muryoyin yadda suke. A B E A D kuwa uku daga cikin tsirkiyoyin tsofaffin E da A da D ne da suka matsa gurbi ɗaya, G mai ɗauri ce ta fita, B mai sanyin ɗauri ta shigo, jimillar jan ta ɗan ragu. Wuyana miƙewa ya ƙara yi, sai da na ɗan sassauta sandar ƙarfen da ke cikinsa kafin zizz ɗin firet na farko zuwa na biyar ya tafi. Sirdin B a birij kuma, ɗan ƙarfen da take hawa, sai da na ja shi baya kusan ƙarshen sukurunsa kafin muryar firet na 12 ta yi daidai da ta sake.

Na .046 har yanzu yana cikin ledarsa, ba ni da tsirkiyar da za ta buƙace shi. Ƙaramar lasifikar da nake atisaye da ita a ɗaki ce yanzu ba ta iya ɗaukar B a sake, in na buɗe murya sai ta fara ɓarɓar, dole in rage ƙasan kafin in ji abin da nake kaɗawa.