Takardun Kamfanonin Filaye na Layin Dogo: Wacce Ta Fi Cancantar Saye?

Mai sha'awar tara tsofaffin takardun hannun jari na ƙarni na 19 zai tarar cewa kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka da Kanada sun yi cinikin ƙasa kusan kamar yadda suka yi jigilar kaya, domin gwamnati ta riƙa ba su filaye masu yawa don su shimfiɗa dogo. Illinois Central ya samu kyautar fili bisa dokar 1850, Northern Pacific ya samu kimanin eka miliyan 40 bisa dokar 1864, shi kuma Canadian Pacific aka ba shi eka miliyan 25 a 1881.

Takardun da suka shafi waɗannan filaye iri biyu ne mai tarawa zai zaɓa daga ciki. Zaɓi na farko shi ne takardun lamuni, wato shaidar bashin da kamfani ya ci daga jama'a, waɗanda kamfanin dogon ya fitar da kansa, ya jinginar da filayensa. Waɗannan su ne mafi kyawun gani, da zanen jirgi mai hayaƙi da gonaki, galibi bugun American Bank Note Company, amma da yake an buga su da yawa, ba su da wuyar samu. Na Northern Pacific suna da nauyin tarihi, tun da lamunin wannan kamfani ne ya durƙusar da bankin Jay Cooke a 1873.

Ni dai na fi karkata ga zaɓi na biyu, wato takardun kamfanonin da aka kafa musamman don yanka filaye da kafa garuruwa a gefen dogo, irin su Canada North-West Land Company na 1882, ko Model Land Company da attajirin dogo Henry Flagler ya kafa a Florida. Adonsu bai kai na farko ba, sai dai sukan ɗaure mai tarawa da wani gari takamaimai, kuma idan masu hannun jarin kamfani kaɗan ne, takardunsa ma ba sa yawa a kasuwa. Wani kamfanin filaye kuma, Texas Pacific Land Trust, wanda aka kafa a 1888 bayan karyewar kamfanin dogo na Texas and Pacific, yana nan har yau da sabon suna.

Ko wanne aka zaɓa, a fifita takardar da aka cike da sunan mai ita da kwanan wata a kan wadda ba a taɓa rubuta komai a cikinta ba. A ɗaga ta a haske a duba hujin sokewa, wato hujin da kamfani ke yi wa takarda don nuna ta daina aiki, ko ya cinye sa hannun, sannan a shafa zanen da yatsa, domin bugun asali yakan ɗan taso a kan takarda.

Wanda kuma ya ce takardar za ta biya riba ko zinariya, a guje shi. Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta yi gargaɗi kan yadda aka damfari mutane da takardun Chicago, Saginaw and Canada Railroad na 1873, waɗanda ba su da wata daraja face ta kayan tarihi.