Guzurin gidan Hajiya ta Birni: abin da ya kai Rabat lafiya da abin da ya lalace

Salam 'yan uwa. Tunda na dawo bakans yara uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, cikin waɗanda suka ci bak bana kuma sunansu ya fito zuwa waje, wai Yaya ina ka sayi kayan miyar da ka tafi da su, sun yi ko ba su yi ba. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta don wlh bakina ya gaji.

Ni shekara guda na yi a Rabat cikin shirin musayar ɗalibai, kuma guzurina gaba ɗaya gidan wata Hajiya aka haɗa min shi nan cikin Birni, lungun da ke bayan fadar Sarki. Babu allo babu butik, gida ne kawai da zaure, amma duk wanda ya taɓa aurar da ɗiya a Damagaram ya san shi don asali alkaki da nakiya na gara take yi, daga baya da yara suka yawaita tafiya Maroko da Aljeriya da Turkiyya sai ta ƙara da haɗa musu kayan miya. Ɗiyarta ke karɓar komand ta WhatsApp, ita Hajiya ba ruwanta da waya.

Na je saura kwana goma in tafi. Na ce ina son kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawar kalwa da ta batso, gabu, yaji, busasshen zogale, tigadege, kilishi kilo ɗaya da alkaki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce "ɗan nan, ka iya kaɗa miya kuwa?" na ce a'a Hajiya, ta ce "to kukar mi za ka yi da ita, kwalli za ka sa?" Duk matan da ke tsakar gidan suka kwashe da dariya. Kuɗi ya tashi jika 38, na bada jika 20 abansi. Na san in ka shiga kasuwar Dole da kanka ka tsinto ɗaya bayan ɗaya zai fi haka sauƙi, amma wa zai daka maka, wa zai tankaɗe?

Laifinta na farko lokaci. Talata aka ce min, ban samu kaya ba sai Alhamis bayan isha'i alhali kar ɗinmu da asuba zai tashi zuwa Yamai, tafiyar wajen kilomita 900. Na biyu nauyi, na ce kar ya wuce kilo 12 don akwati kilo 23 ne iyakarsa a jirgi, da aka ɗora a sikeli a filin jirgi sai ga shi ya zarce sosai, ashe ta ƙara min abubuwa kyauta, har da dakuwa da ban ce ba. Nan na durƙusa gaban mutane ina fidda takalma da littattafai ina miƙa ma ɗan kawuna. Alheri ne na sani, amma alherin da ya sa na isa Kazablanka da takalmi ƙafa ɗaya tak.

Yanzu ga inda kayan suka yi rana. Satin farko a Rabat komi burge ka yake, taram ɗin da ke ɗaukarka har Madinat Al Irfan inda yawancin fak suke, ƙananan taksi shuɗɗa, teku, ruwa a famfo dare da rana wanda ga ɗan Damagaram da ya tashi yana jiran mai garuwa wannan kaɗai abin kallo ne. Sati na uku kuwa sai ciki ya fara magana. Mutanen nan burodi ne rayuwarsu, hubz suke ce masa, da shi ake cin wake, da shi ake cin adas, wasu 'yan ƙananan wake, da shi ake cin tajin, dahuwarsu ta nama da kayan lambu, ranar Juma'a ce kawai ake hutawa da kuskus. Abincin da daɗi ba ƙarya amma babu tanka, babu abin da zai sa ka yi gumi ka ce ka ci. Ga Faransancin da kake taƙama da shi a aji ne yake aiki, in ka je wajen mai hanut, wato butik ɗin unguwa, Darija ce, ni dai "bishhal" da "bizzaf" na fara riƙewa, nawa ne da ya yi yawa, su suka riƙe ni wata biyu.

Daren da na fara tuƙa tuwo ba zan manta ba. Mu uku ne a gidan, ni da wani ɗan Tawa da wani ɗan Senegal, garin sumul muka saya don babu gero babu dawa, Inna tana turo min bokal ɗaya bayan ɗaya, "ka bari ruwan ya tafasa da daddawar tukuna, kar ka zuba kukar gaba ɗaya, kaɗan kaɗan kana kaɗawa", ni kuma ba maburgi sai cokali mai yatsu. Tuwon ya yi gudaji, wannan laifina ne. Amma miyar, kai jama'a. Kukar Hajiya kore shar take, laushi kamar hoda, kuma har na cinye ta ban taɓa jin ƙasa ta yi min ƙaras a haƙori ba, wanda ya saba sayen ta kwano a kasuwa ya san abin da nake nufi. Ɗan Tawa ya yi loma biyu ya yi shiru, na ɗaga kai sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce yaji ne. Ƙarya yake.

Yajin shi ma ba magana, citta da kanumfari da masoro da ƙuli sun ji daidai, shi na riƙa sawa a aljihu zuwa resto ina barbaɗa ma wake a ɓoye har 'yan ajinmu suka gano suka fara roƙo. Gabu ya yi, zogale ya yi, tigadege ya kai ni har Janairu.

Daddawa ita ce matsala mai daɗi. A leda biyu kawai aka ƙulla ta, saboda saurin daren nan, to daga Damagaram zuwa Yamai cikin zafin but ɗin kar, sannan jirgi, sannan jirgin ƙasa daga Kazablanka, duk rigar da na mallaka ta sha batso. Ranar da na je ajiye takardun kart da sejur, wato izinin zama a ƙasar, matar da ke gefena a layi sai matsawa take tana toshe hanci da gyale, ni kuma na dake kamar ba ni ba.

Sai kilishi, nan ne zuciyata ta ƙone. Mu nan ka aje kilishi bisa armuwar ka manta da shi, iska busasshiya ce, sai dai ya ƙara ƙarfi. Rabat bakin tekun Atlantika take, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa da sanyi da danshi, gidajen haya babu shofaj, bango har zufa yake, ka yi wanki kwana uku bai bushe ba. Ni kuma ina ta tattali, yanki kaɗan duk Juma'a wai ya kai ni egzame. Wata rana na buɗe takardar sai na ga ya yi fumfuna fari da kore kamar an shimfiɗa masa auduga. Fiye da rabin kilo na zubar. Kuɓewar ma ta dunƙule kamar curin fura sai da na riƙa fasa ta da kwalba. Abin da ya tsira shi ne wanda aka zuba cikin robar mayonez da gorar ruwa mai murfi. Gsky rabin laifin nawa ne da ban sa firigo ba, amma mai haɗa ma matafiya kaya ya kamata ta tambayi ina za ka. Kuma masu zuwa Faransa ko Beljiyam ku cire kilishi daga lissafi gaba ɗaya, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da madara daga waje.

Wani zai ce ai ana sayar da kayan Afirka a can. Haka ne, unguwar Takaddum akwai 'yan Kodebuwa da Gine da Senegal masu kuɓewa da manja da aceke, amma dirhami ɗaya wajen sefa 60 ne, kana ninkawa a kai hannunka zai koma aljihu, kuma daddawarmu ta batso ban gani ba ko sau ɗaya.

Alkaki kuwa shi ya yi min abin da ban zata ba. Sati na biyu na ɗiba guda huɗu na kai ma tsohon mai hanut ɗinmu, ya gutsira ya tsaya yana kallona ya ce ai wannan shabakiya ce, irin tasu ta alkama da zuma da suke ci da azumi. Daga ranar ya daina ce min "mon ami" ya koma "wuldi", ɗana kenan, in kuɗi ya yanke ya rubuta ni a kaye, shi ya nuna min inda ake cika gaz da hammam, wato gidan wankan unguwa. Da azumi ya zo kusan kullum sai ya aiko jikansa da kwanon harira, miyarsu ta buɗa baki, da shabakiya a kai.

Shekaranjiya na koma Birni na faɗa mata komi, har hoton kilishin na nuna mata. Ta riƙe haɓa ta ce "yo ni ina na san ƙasar da bango ke zufa, ɗan nan?" Ba ta yi gardama ba, ta ce ma ɗiyarta daga yau duk mai komand a tambaye shi garin da za shi. Ku da za ku je, ku kai mata robobinku masu murfi da sikoci, ku faɗa mata ranar tafiya ta ƙarya wadda ta riga ta gaskiya da kwana huɗu, ku auna kayan tun nan gida. Kilishi ku sayi kaɗan ku cinye a wata na farko. Ni na riga na bar abansi na ƙanena da zai tafi Satumba, kuka ninki biyu, daddawa cikin kwalba, da alkaki ashirin da zai kai ma tsohon mai hanut.